Yoyon Ruwa a Cikin Motar A-kori-kura: Wace Hanya Za Ka Bi Ka Gano Inda Yake Shiga?

Wanda ya taɓa buɗe ƙofar motarsa da sassafe bayan an kwana ana ruwan Agusta, ya sa ƙafa ya ji kafet ya jiƙe sharkaf, ya san irin ɓacin ran da nake magana a kai. Motocin a-kori-kura, tun daga tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna har zuwa Hilux da L200 da D-Max na yanzu, motocin wahala ne. Suna kwana a waje, suna bin hanyoyin karkara masu gargada, jikinsu yana murɗewa a ƙarƙashin kaya, kuma robobinsu suna shafe wata bakwai ko takwas cikin zafin rana da ƙurar hunturu kafin ruwan farko ya sauka. Roba ta bushe ta tsattsage, ƙura da ganyen darbejiya sun toshe magudanai, sai damina ta zo ta tona asirin komai.

Abin da ke sa wannan matsala ta gagari mutane shi ne, inda ruwa ya kwanta ba nan ne ya shigo ba. Yana iya shiga ta rufi, ya bi ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba ta ciki inda ido ba ya gani, ya sauka bayan dashbod, sannan ya taru a ƙarƙashin ƙafar fasinja. Mai mota ya ga ruwa a wurin ƙafa sai ya zargi robar ƙofa, ya saya sabuwa, kuɗinsa su tafi a banza. Saboda haka tambayar da ke gaban mai mota ba ta wane gam zai saya ba ce, ta wace hanyar bincike zai bi ce, kuma hanyoyin da suka cancanci a kwatanta guda biyar ne: dubawa da ido tare da hoda da takarda, zuba ruwa da tiyo, hura iska da kumfar sabulu, amfani da na'urori, da kuma miƙa motar ga mai sana'a.

Kafin komai, wane irin ruwa ne?

Ba kowane ruwan da ke kan kafet ne ruwan sama ba, kuma wanda ya tsallake wannan mataki zai iya ɓata yini guda yana neman ramin da babu shi. Idan jiƙewar tana gefen fasinja, tana ƙaruwa bayan doguwar tafiya da esi a kunne ko da ba a yi ruwa ba, to ƙaramin bututun da ke fitar da gumin esi zuwa ƙarƙashin mota ne ya toshe ko ya zare. Alamar lafiyarsa ita ce ka ga ruwa yana ɗiga ƙasa idan ka tsaya da esi a kunne. Idan kuma ruwan yana da santsi a yatsa, da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, da launin kore ko ja, kuma gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo ta ciki, to ruwan lagireto ne ke fita daga na'urar ɗumama mota da ke bayan dashbod. Wannan ruwa guba ne, kada a ɗanɗana shi. A nan akwai tarko, domin da yawa daga cikinmu ruwan famfo zalla muke zubawa a lagireto, don haka ba launi ba ƙamshi. Abin da zai nuna gaskiya shi ne ruwan lagireton ya riƙa raguwa ba tare da an ga inda yake zuba a waje ba. Sai an kawar da waɗannan biyu ne ake maganar ruwan sama.

Ma'aunan da zan auna da su

Na farko shi ne kuɗi, kuma ina lissafa har da ruwan da za a saya a garin da famfo ba ya kawowa. Na biyu shi ne sauƙi: mutum nawa ake bukata, awa nawa, da abin da za a kwance. Na uku, wanda na fi ba nauyi, shi ne ɗorewar sakamako, wato ko hanyar tana nuna ainihin ƙofar ruwan ta yadda gyaran da ya biyo baya zai kai damina mai zuwa, ko kuwa zato kawai take bayarwa. Na huɗu shi ne haɗari ga mota da ga mai binciken. Akwai kuma lokaci, wanda ba ma'auni ba ne amma yana matsa wa kowane zaɓi lamba: audugar da ke ƙarƙashin kafet tana riƙe ruwa kamar soso, fumfuna tana iya fara kamawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma wayoyin lantarki da akwatin fiyus na yawancin motocin zamani suna bin gefen ƙafa da ƙarƙashin kafet ne. Duk makon da aka ƙara ana jinkiri, tsatsa tana cin ƙarfen ƙasan mota da bakin wayoyin.

Hanya ta farko: ido, hoda da takarda

Wannan kusan kyauta ce, domin ba ta wuce tocila da hodar jarirai ko alli da guntun takarda ba. Ana ɗaga kafet, a cire robobin da ke rufe ginshiƙai, a haska a nemi sawun ruwa. A ƙasarmu ƙurar hunturu ta riga ta yi rabin aikin, domin tana kwanciya a bayan kowace roba, kuma ruwan da ya gangaro yakan bar layi tsaf a cikinta kamar sawun maciji a kan rairayi. Tabon rawaya a silin yana nuna rufi ko fitilar birki ta sama ko gindin eriya. Game da robar ƙofa kuwa, ana rufe ƙofar a kan takarda a ja: inda ta zare ba gardama, roba ba ta kama ba. Ko kuma a shafa alli a kan robar, a rufe a buɗe, a duba inda allin bai taɓa ƙarfe ba. Wanda ba ya gaggawa zai iya barbaɗa hoda a wuraren da yake zargi ya jira ruwa na gaba.

Mutum ɗaya ya isa, haɗarinta kaɗan ne, sai dai maƙallan roba da rana ta gasa suna karyewa idan aka ɓamɓare su da ƙarfi, kuma a motar da ke da jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum idan an yi hatsari, a cikin ginshiƙi ya kamata a cire kan batir a ɗan jira kafin a taɓa wurin. Rauninta shi ne tana nuna hanyar da ruwa ya bi, ba lallai ta nuna ƙofar da ya shigo ba. Ina ɗaukarta a matsayin mai ba da shaida, ba mai yanke hukunci ba.

Hanya ta biyu: tiyo da mutum biyu

Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, domin ita kaɗai ce take maimaita abin da ruwan sama yake yi, har mutum ya ga ɗigon da idonsa. Ana busar da cikin mota, a ɗaga kafet, a cire robobin gefe, mutum ɗaya ya kwanta ciki da tocila, ɗaya kuma ya tsaya waje da tiyo. Sharaɗinta biyu ne, kuma a nan mafi yawan mutane suke kuskure. Na farko, ruwan ya kasance yana zuba a hankali, ba da matsi ba. Injin feshi na wurin wankin mota yana tura ruwa ta cikin robar da lafiyarta lau, sai a kama marar laifi. Na biyu, a fara daga ƙasa a hau sama, a tsaya aƙalla minti biyar a kowane wuri: ƙasan ƙofa, sai gilashin ƙofa, sai kwarmin da ke gindin gilashin gaba inda waifa suke, sai gefunan gilashin, sai gilashin baya, rufi kuma shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da rufi ya jiƙa komai a lokaci guda, kuma ba zai ƙara sanin wane wuri ne ya yi laifi ba. Yana da kyau a ajiye motar yadda take kwana, domin motar da hancinta ke kallon gangare tana iya yoyo ta inda ba za ta yi ba a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Na koyi darajar wannan haƙuri ne a kan tawa motar mai gida biyu, wato mai kujerun gaba da na baya, wadda na saya a gwanjo. Da ruwa ya fara taruwa a gefen fasinja, wani bakanike ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Alhaji, gilashi ne, ba sai an duba ba." Ya zagaye gilashin gaba da silikon, na biya, ruwa na gaba ya dawo da ni inda nake. Ranar Asabar na kwanta a ƙasan dashbod, ƙanena yana riƙe da tiyo. Ƙofa ba ta ce komai ba, gilashi bai ce komai ba. Da ya kai rufi ya yi minti biyu, sai ya ƙwanƙwasa ya ce, "Yaya, nan ma babu, in kashe?" Na ce ya ƙara haƙuri kaɗan. Can sai na ga ɗigo guda ya leƙo daga saman ginshiƙin dama, ya tsaya yana ƙyalli a hasken tocila, sannan ya gangaro kan wayoyi. Da muka sauke gefen silin, sai ga rami kamar girman kan yatsa, inda masu motar na da suka taɓa ɗaura eriyar rediyon sadarwa. An cika shi da ƙullin gyaran jikin mota an fesa fenti, ƙullin kuma ya tsage. Duk wanda ya sayi motar da ta yi aikin gwamnati ko na kamfani ya tuna da wannan, domin irinsu sukan zo da ramukan jiniya da fitilu da eriya da aka rufe a gurguje.

Kuɗin hanyar tiyo shi ne kuɗin ruwa da ladan mai taya ka. Inda babu famfo, kurar ɗan garuwa guda ko biyu da butar ban-ruwan shuka suna yin aikin, sai dai hannu yana gajiya kuma mutum yana son ya gaggauta, gaggawar kuwa ita ce ke ɓata gwajin. Tana cin awa ɗaya zuwa uku. Haɗarinta shi ne ƙara jiƙa wayoyin da suka riga suka sha ruwa, don haka a rufe akwatin fiyus da kwamfutar mota da leda, a ajiye tsumma a kusa. Akwai yoyon da take kasa kamawa, wato wanda ba ya faruwa sai mota tana gudu iska tana tura ruwa sama, ko wanda ke shigowa ta ƙasa idan an ratsa kududdufi ta toshiyar robar ƙasan mota da ta fita.

Hanya ta uku: iska daga ciki, kumfa daga waje

Dabarar irin ta mai faci ce da ke neman hujin taya. Ana rufe ƙofofi da gilasai, a kunna fankar mota a kan mafi ƙarfi, a saita ta tana jawo iskar waje ba tana juya ta ciki ba, sannan a fesa ruwan sabulu a kan gefunan gilashi da ɗinkin rufi da fitilar birki ta sama. Inda akwai rami, iska za ta fito ta tayar da kumfa. Domin iskar ta taru, sai an liƙe ƙananan tagogin fitar da iska da ke bangon baya, a bayan kujera, da salatif. Idan ba a liƙe su ba, iskar ta nan za ta tsere kumfa ba za ta tashi ba.

Kuɗinta bai wuce na sabulu da salatif ba, ruwanta bai wuce buta guda ba, mutum ɗaya yana iya yinta, kuma cikin mota ba ya jiƙewa, wanda babbar riba ce ga motar da wayoyinta suka fara rikicewa. A kan gilashin gaba da na baya babu kamarta, domin tana nuna wurin daidai kamar an ɗora yatsa. A yi ta da safe ko a inuwa, saboda ƙarfen da rana ta gasa yana busar da sabulu kafin ya yi kumfa, kuma kada a bar inji a kunne a rufaffen gareji saboda hayaƙinsa yana kisa. A tuna a cire salatif ɗin bayan an gama.

Iyakarta kuwa ya kamata a fahimce ta sosai. Akwai wuraren da aka ƙera su ruwa ya shiga ya fita, kuma a nan kumfa ba ta da abin faɗa. Ruwa yana shiga cikin kowace ƙofa ta gefen gilashinta, ya fita ta ƙananan ramukan da ke ƙasanta. Abin da ke hana shi shigowa cikin mota ledar nan ce da ke liƙe a bayan murfin ƙofa. Mai gyaran injin ɗaga gilashi ko mai sa sifika yakan yage ta ya jefar, laka kuma ta toshe ramukan ƙasa, sai ruwa ya tsallako kan kafet. Haka kwarmin gindin gilashin gaba: idan ganye ya toshe magudanarsa, ruwa yana cika ya malala ta bakin da fanka ke shaƙar iska. Waɗannan biyu suna cikin mafi yawan abubuwan da ke jawo yoyo, kuma tiyo ne ke kama su, ba kumfa ba.

Hanya ta huɗu: na'urori

Injin hayaƙi yana cika mota da farin hayaƙi a ga inda yake fita, aikinsa ɗaya da na kumfa, sai dai ya fi ta kaiwa lunguna. Akwai rinin da ake zubawa a ruwan gwaji, wanda ke ƙyalli idan aka haska shi da fitila ta musamman, yana nuna duk hanyar da ruwa ya bi, amma yana iya ɓata silin da kafet. Akwai kuma na'urar da ake ajiyewa a ciki tana fitar da sautin da kunne ba ya ji, a bi jikin mota da abin saurare ta waje. Dukkansu suna aiki, dukkansu suna da tsada ga mai mota ɗaya, kuma ba a kowane gari ake samunsu ba. Mai kula da motoci goma ko ashirin ne zai ci ribarsu.

Hanya ta biyar: miƙa wa mai sana'a

Ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce mafi rashin tabbas, domin sakamakonta ya dogara ga hannun da motar ta faɗa. Yoyo ba aikin bakaniken inji ba ne. Tsakanin mai gilashi da mai gyaran jikin mota da mai esi yake, kuma kowannensu yakan fara zargin abin da ya iya gyarawa. Abin da zai raba maka gwani da mai zato tambaya ɗaya ce: "Malam, za ka nuna mini inda yake shiga kafin ka gyara?" Wanda ya ɗauko tiyo ka zauna da shi. Wanda ya ɗauko bututun gam kafin ya ɗaga kafet ka yi masa godiya ka tafi.

Ina jaddada wannan ne saboda silikon ɗin gini, wanda ke warin tsami kamar na binega, yana taimaka wa tsatsa ta kama ƙarfe, kuma baƙin gam na musamman da ake liƙa gilashin mota da shi ba ya kamawa a inda silikon ya taɓa zama. Gilashin gaban motar zamani yana cikin abubuwan da ke ƙarfafa rufi, kuma a yawancinsu a kansa jakar iskar fasinja take jingina idan ta fashe, don haka idan shi ne mai laifi, gyaransa na gaskiya shi ne a cire shi, a kankare tsatsa, a sake liƙa shi da gam ɗinsa. Wannan aikin gwani ne, ba na ƙofar gida ba. Nawa gilashin, da ba shi da laifin komai, sai da aka yi yini ana kankare silikon daga gefunansa.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙi | Ɗorewar sakamako | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ido, hoda, takarda | Kusan babu | Mutum ɗaya, awa guda | Matsakaici, tana nuna hanya kawai | Karyewar maƙallai |
| Tiyo | Kuɗin ruwa | Mutum biyu, awa 1 zuwa 3 | Mafi ƙarfi | Jiƙa wayoyi |
| Iska da kumfa | Sabulu da salatif | Mutum ɗaya | Ƙarfi a gilashi da rufi, babu a ƙofa da kwarmi | Hayaƙin inji a rufaffen wuri |
| Na'urori | Mai yawa | Sai da koyo | Mai ƙarfi | Tabon rini |
| Mai sana'a | Matsakaici zuwa mai yawa | Mafi sauƙi | Ya danganta ga mutum | Gyaran zato |

Wa ya kamata ya zaɓi me?

Mai tsohuwar mota irin su 504 ko Hilux ta da, wadda wayoyinta kaɗan ne kuma kafet ɗinta na roba ne, ya share magudanar kwarmi da ramukan ƙofofi, ya duba da tocila, sannan ya wuce kai tsaye zuwa tiyo. A irin waɗannan motoci ya kuma ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasa, domin sau da yawa tsatsa ta riga ta huda shi. Mai sabuwar mota mai kwamfuta da jakunkunan iska ya fara da kumfa don ya kare wayoyinsa, kada ya taɓa tiyo sai kumfa ta kasa, kuma idan garantin motar bai ƙare ba, ya mayar da ita inda ya saya kafin ya kwance ko da maƙalli ɗaya. Wanda yoyonsa ya fara bayan an canza gilashi ya yi gwajin kumfa a gefunan gilashin, ya koma wa wanda ya sa masa da shaidarsa a hannu. Wanda nasa ya fara bayan an buɗe ƙofa don gyaran gilashi ko sifika ya cire murfin ƙofar ya duba ledar, ƙila ba zai bukaci wani gwaji ba. Wanda ke zaune inda ruwa ke tsada ya haɗa hoda da kumfa, ya bar ruwan sama ya yi masa aikin tiyo. Wanda motarsa ba ta jiƙewa sai ya dawo daga ƙauye ta hanya mai kududdufai ya shiga ƙarƙashinta ya ƙirga toshiyoyin roba, ya kuma duba robobin da wayoyi ke ratsawa a bangon da ya raba inji da cikin mota, musamman idan an taɓa jan wayar ƙarin fitila ta nan. Direban haya da ba zai iya ajiye mota yini guda ba ya kai wa mai sana'a, amma ya tsaya a wurin har ya ga ɗigon da idonsa, kuma bayan gyara a sake zuba ruwa a daidai wurin na minti goma, sannan a shanya audugar kafet a rana ta bushe ƙarau kafin a mayar da ita.